Hoton da Na Ɗauka da Hannuna

Jama'a, kafin wata ta kira ni mai baƙin ciki, ku zauna in ba ku labarin yadda aka yi, in ya so sai ku yanke min hukunci.

Sunana Halimatussa'adiya, amma Sa'a ake kirana. A Takur na tashi, cikin Dutse, a hannun Gwaggo Larai ƙanwar mahaifina, wadda ta ɗauke ni tun ina firamare saboda Allah bai ba ta haihuwa ba. Duk macen da ta zauna a Dutse farkon samun jiha ta san Gwaggo. Lokacin da matan ma'aikata suka fara tarewa daga Kano, ba dangi ba ƙawaye, sai zaman kaɗaici, ita ce ta zuba siminti a bayan gidanta, ta yi rumfar kwano, ta jingina manyan madubai a bango, ta kafa allo a ƙofa: GIDAN RAWAR LARAI. Ba yara ake koya wa ba, manyan mata ne. Amaren gobe masu tsoron jin kunya ranar kamu, iyayen biki, masu jego da ke son jikinsu ya koma, har da tsofaffi masu ciwon gwiwa da likita ya ce su riƙa motsawa. Namiji kuwa, in dai ya wuce goyo, ba ya taka wurin.

Ni ajin masu jego nake riƙe da shi, tun da na gama kwalejin ilimi ta Gumel na dawo ina jiran aiki. Rawar Barebari kuwa, wadda ta fi jan mutane, Falmata ce ke koyarwa. Daga wajen Haɗeja ta zo bayan aurenta ya mutu, Gwaggo ta ba ta katifa a ɗakina. Doguwa ce, baƙa mai sheƙi, ga wushirya. In ta naɗa laffaya ta gifta, ƙamshin humrarta sai ya yi zamansa a wurin ita ta daɗe da wucewa. Ba zan ɓoye muku ba, ƙawata ce. Kwano ɗaya muke ci, ita ke yi min lalle, ni ke tsefe mata kai.

Matsalar daga wata 'yar bautar ƙasa ta faro, wata 'yar kudu mai kirki da ta koyi rawa a wurinmu. Da za ta tafi, don ta gode wa Gwaggo, sai ta buɗe mana shafi a intanet, ta zuba hotunan wani biki da muka yi, mata sun cashe, wata ɗankwalinta ya zame, wata ta buɗe baki tana guɗa. Mu a lokacin ba mu san abin da hakan ke nufi ba. Gwaggo dai duk baƙuwar da ta zo sai ta ce mata, "Ai mu yanzu har a cikin kwamfuta muke."

Aka ƙaddamar da shari'a, ba wanda ya ce mana uffan, don kowa ya san mata ne zalla. Sai da aka fara buɗe kafe-kafe a gari, samari suka koyi shiga intanet, sannan wani mara tsoron Allah ya ci karo da shafin, ya buga shi a takarda. Kafin mu ankara takardar tana yawo a majalisu. Wannan ya ga matarsa, wancan ya ga ƙanwarsa. Cikin ɗan lokaci tsakar gidan da ke cika har ana jiran layi ta koma mu da madubai.

Dattawan unguwa suka zo da liman, suka zauna a zaure. Liman ya ce, "Hajiya Larai, mu mun san abin da ake yi a gidan nan, iyalina ma ta taɓa zuwa. Amma na nesa abin da ya gani a takarda shi zai ɗauka. A sauke hotunan nan, a canza sunan nan, a fito da abin yadda yake. In an yi kafin azumi, mu za mu tsaya miki. In ba a yi ba, ba mu da bakin kare ki."

Kwana biyu da haka sai ga Baba daga ƙauyenmu na wajen Kafin Hausa, a kan mashin, ko ruwa bai sha ba.

"Larai, amana na ba ki. Ko a gyara, ko in tafi da 'yata. Shi kuma yaron da ke zuwa wurinta, in da gaske yake ya turo magabatansa, in ba haka ba ya ba mu wuri."

Yaron da Baba ke nufi shi ne Abdussamad. Ɗan Taura ne, ya yi karatun kwamfuta a Kazaure, yana kula da wani kafe a hanyar sakateriya. Siriri mai gilashi, ba ya rabo da shadda ruwan toka da hula zanna, in zai yi dariya sai ya fara sunkuyar da kai kamar mai neman izini. Mun daɗe tare. Abin da ya hana shi turowa ɗaya ne: mahaifiyarsa, Hajiya Kaltumi, an kai mata labari har Taura cewa wadda ɗanta ke nema 'yar gidan rawa ce, ta ce ba da yawunta ba. Ko ganina ba ta taɓa yi ba.

Shi ya sa da ya ce shi zai gyara shafin, har a zuciyata na yi sujada. Na ce ga gidan Gwaggo zai tsira, ga aurena zai tsira. Ban san wuta zan kunno wa kaina ba.

Zaman farko a falon Gwaggo aka yi, bayan la'asar. Na tashi tun da wuri na yi dambun shinkafa da zogale, na dama kunun gyaɗa, na sa atamfata mai ruwan goro da na san yana so. Ya zo da takardu da biro, ya ce ya riga ya rubuta wa 'yar bautar ƙasar nan, ta aiko masa da lambar sirrin shafin, tana ta ba da haƙuri.

"Gwaggo, abu na farko suna. Kalmar rawa ita ce ke tayar wa mutane da hankali. Muna son sunan da miji zai ji ya ce wa matarsa je ki, Allah ya tsare."

Gwaggo ta ce, "A sa Cibiyar Motsa Jiki ta Hajiya Larai."

"Kamar asibiti kenan, Gwaggo."

Ni kuwa ina da suna a bakina, kunyar Gwaggo ce ta sa nake jan ƙafa, kada a ce ina rawar kai a gaban saurayi. Ina cikin haka sai na ji muryar Falmata daga bakin ƙofa, a sanyaye.

"Injiniya, me zai hana a ce Tsakar Gida?"

Abdussamad ya ajiye biro. Ya cire gilashi. Ya kalle ta.

"Tsakar Gida! Kai, Malama Falmata, Allah ya yi miki basira. Wurin mata, wurin sirri, wurin da ba baƙo. Wallahi an gama."

Jama'a, sunan nan nawa ne. Ni na faɗa mata da safiyar ranar, muna kwaɓa lalle. Na juya na kalle ta, ina jiran ta ce ai Sa'a ce ta kawo. Ta sunkuyar da kai tana murmushi, tana wasa da gefen laffayarta. Kuma tun yaushe ya zama Injiniya? Tun yaushe ta zama Malama?

Da ya tafi na ce mata, "Falmata, sunan da na kawo kika faɗa fa."

"Lah, ai na ga kin yi shiru ne, na ce kada ya ɓata. Ni da ke ai duk ɗaya ne."

Na ce haka ne. Amma dambun nan da na sha wahala a kansa, ko loma ban iya kaiwa ba.

Daga nan aiki ya kankama. Abdussamad ya ce sabon shafin ba hotunan cashewa za a cika shi da su ba, bayani za a yi: kowace rawa daga ina ta fito, a wane buki ake yin ta, me take yi wa jiki. Gwaggo ta ba shi labarin kiɗan ƙwarya da shantu, ni na ba shi na masu jego cikin ɗan lokaci kaɗan, don iyakar abin da ke akwai kenan, a lanƙwasa ƙugu, a miƙe baya, a saki numfashi. Amma rawar Barebari sai ka ce karatun allo. Kullum da saura. Ya zo yau, ya zo gobe, su zauna a falo, Gwaggo na gefe tana jan carbi tana gyangyaɗi, Falmata na kwatanta masa da hannu yadda ake karkata kafaɗa, yadda ake sakin mayafi ya bi iska, shi kuma yana rubutu yana cewa, "Ikon Allah. Sake faɗa min wannan."

Ni ce mai kawo ruwa. In shigo da zoɓo, in fita. In shigo in ɗauke kofi, in fita. Wata rana sai da na shigo na goge teburin da ba abin da ya zuba a kansa.

Bayan ya tafi wayata, 'yar Nokiya mai tocila, ta yi ƙara. Saƙonsa ne.

"Gimbiya, yau ko kallona ba ki yi ba. Lafiya?"

Na rubuta, "Lafiya lau. Na ga kana karatu ne, ban so in katse maka."

"Aikinmu nake yi ai. Don ke nake yi."

"Allah ya ba da lada, Injiniya."

"Kai! Wannan Injiniyan da yaji a cikinsa."

Ya yi ta fulashin, na kifa wayar a ƙarƙashin matashi. Kuma kun san abin haushi? Ina kifawa ina kasa kunne ko zai sake.

Sai maganar hoto ta taso. Ya ce shafi ba ya kyau ba hoto ko ɗaya, amma shi namiji ba zai shiga ya ɗauka ba, kuma ba za a sa fuskar matar kowa ba. Ya miƙo min wata 'yar kamara ta zamani, mai nuna hoton a bayanta tun kafin a wanke.

"Ke na yarda da ke. Ɗauko ƙwarya, ɗauko tabarmi, hannaye, ƙafafu, duk abin da ya yi miki kyau."

Washegari da hantsi Falmata ta fito cikin wata laffaya shuɗiya mai ratsin azurfa, wadda ban taɓa ganin ta sa ba sai ranar sallah. Ta sha kwalli, lallenta ya kama jajir. Na dube ta sama da ƙasa. Ta ce, "Sa'a, ina zan tsaya?"

A nan shaiɗan ya raɗa min. Na ce a zuciyata, ba dai kyau kike ji da shi ba? Na kai ta bakin ƙofar baya, inda rana ke shigowa ta dallare ido, na ce ta juya min baya. Na tabbata in na ɗauka a haka, ba abin da zai fito sai duhu. Ta ɗaga hannu ɗaya, ta saki gefen laffayar, na danna ko dubawa ban yi ba. Sannan na miƙa mata kamarar, na tsaya a inuwa mai kyau cikin hijabina, na ce ta ɗauke ni ina nuna wa masu jego yadda ake miƙe baya. Na sa ta maimaita har sai da na gamsu.

Bayan 'yan kwanaki ya aiko min da saƙo: "Zo kafe ki gani kafin kowa."

Na zumbula hijabi na tari tasi. Kafen cike yake da samari, kowa ya ƙura wa kwamfuta ido, janareto na ta ƙugi a waje. Ya ja min kujera a kusurwa, ya buɗe shafin, ya tsaya a bayana yana jira. Intanet ɗin a hankali yake tafiya, hoton yana saukowa layi-layi daga sama.

Da farko rubutu ya fito, kore a kan fari: TSAKAR GIDA, Wurin Motsa Jiki da Al'adun Gargajiya, Mata Zalla. Sai hannu ya fito, a sama, yatsu a karkace. Sai laffaya. Hasken ranar nan da na yi niyyar ya kashe hoton, ashe ratsa yadin ya yi, ya kewaye ta da wani haske zinariya-zinariya, ga dutse da bishiyar dabino can a bayan katanga. Ba fuska, ba surar jiki, sai natsuwa da kunya da wani irin kyau da ni kaina sai da na riƙe numfashi. A ƙasa an rubuta: Malama Falmata, mai koyar da rawar Barebari.

"Kin gani? Wallahi ke mai ɗaukar hoto ce ba ki sani ba. Na yi ta kallonsa jiya na kasa rufewa."

Ya yi ta kallonsa. Ya kasa rufewa. Da bakinsa ya faɗa.

Na ce, "Ina nawa?"

"Naki me?"

"Hotona da masu jego."

Ya sauke murya, ya waiga ya kalli samarin. "Haba Sa'a. Matar da zan aura zan ɗora inda kowane ɗan zaman kashe wando zai zauna ya ƙare mata kallo? Dube su fa."

"Au, ita Falmata ba mutum ba ce?"

"Bayanta ne kawai, ba fuska. Kuma Gwaggo ta yarda, ita ma ta yarda."

"Yaushe ta yarda?"

"Jiya, a waya."

"A waya."

"Sa'a..."

"Ashe har lambarta gare ka. To, sunana fa? Na ga ajin masu jego, ban ga mai koyarwa ba. Aljanu ne ke koya musu?"

Ya gyara gilashi. "Saboda Hajiyata ne. In aka kai mata wannan, ba na son ta ga sunanki a jikin rawa. A bari komai ya lafa tukuna."

Maganarsa da hankali a ciki, na sani. Amma abin da kunnena ya ji daban. Na ji cewa aikin da nake yi abin kunya ne a ɓoye, ita kuma nata abin ado ne a kafa a ƙofa. Sunan wurin nawa ne, hoton ni na ɗauka, gidan na gwaggona, amma duk wanda ya buɗe shafin nan daga nan har Makka, Falmata zai gani. Na miƙe na ce, "Ya yi kyau, Allah ya sa albarka," na fita. Ya biyo ni har bakin titi yana kiran sunana ƙasa-ƙasa, ban waiga ba.

A gida na tarar da Falmata tana turara kaya a kan kasko. Na wuce na kwanta na juya wa ɗakin baya. Ta zo ta zauna a bakin katifata.

"Sa'a, kwana biyu ba na gane miki. Me na yi?"

"Ba komai."

"In a kan Injiniya ne, ki kwantar da hankalinki. Ni abin da na gani a gidan aure ya ishe ni. Namiji ba ya gabana yanzu."

Na ji kunya ta rufe ni. Har na juyo zan riƙe hannunta in ce ta yafe min. Sai ta ƙara, idonta a kan hayaƙin turaren, kamar da kanta take magana:

"Amma kin dace. Irinsa ba su da yawa. Mutum ya zauna ya saurare ka har ka gama magana..."

Na mayar da hannuna cikin zane.

Aka sa ranar buɗe wuri, wata Asabar ana saura kaɗan azumi. An sauke tsohon allo, an kafa sabo, kore da fari, da zanen ƙwarya da tabarma. Abdussamad ya buga sabon shafin a takardu, liman da kansa ya zagaya da su majalisun da waccan takardar ta bi. Gwaggo ta gayyaci matan dattawan unguwa su zo su gani da idonsu. Ta ce wa Falmata, "Ki sa laffayar nan ta hoto, a ga abin a fili."

Da safe, ina shara, saƙo ya shigo.

"Albishirinki. Na kai wa Hajiya takardar har Taura. Ta daɗe tana kallo, ta ce ashe ƙarya aka yi mata. Yau za ta zo da kanta. Ki yi min kwalliya, ki daina fushi."

Jama'a, tsintsiyar nan ban san inda na jefa ta ba. Duk wani haushi ya bi iska. Na yi wanka na sake wanka. Na fito da leshina ruwan hoda da ban taɓa sawa ba, na ɗaura ɗankwali na kwance, na sake ɗaurawa, na yafa farin mayafi babba don ta ga kamala. Har humrar Falmata na roƙa na shafa. Ta ce, "Wannan kwalliya fa?" Na ce, "Buɗe wuri ai." Ban gaya mata ba. Ban san dalili ba, na dai ji ba na son ta sani.

Kafin azahar gidan ya cika. Matan da suka ɗauke ƙafa sai ga su suna shigowa, wasu da goyo, wasu mazansu ne ma suka sauke su a ƙofa. Matar liman ta zauna a kujera ta haɗe rai, carbi a hannu. Aka kifa ƙwarya a ruwa aka fara kiɗa a hankali, Gwaggo na bayanin amfanin kowane motsi. Ba a jima ba na ga kafaɗar matar liman tana ɗan motsi, sai ƙafa, can sai ta miƙa wa ta kusa da ita carbin ta ce, "Riƙe min, gwiwar nan tawa ce ke damuna." Wurin ya kaure da guɗa. Gwaggo ta juya ta share ido da bakin mayafi. Har daga Kano wasu mata suka bugo waya a ranar, sun ga shafin, suna tambayar yadda ake shiga. Gidan Gwaggo dai ya tsira, kowa ya gani.

Ni kuwa idona na kan ƙofa. Duk tsohuwar da ta yi sallama sai gabana ya faɗi.

"Sa'a!" Gwaggo ta ƙwala min kira. "Tuwon shinkafar nan zai kama. Je ki kwashe, ki zubo wa manya."

"Gwaggo, in an jima..."

"Yanzu!"

Na shiga kicin da leshina, hayaƙi na shiga min ido, ina kwasa ina sauri, miyar taushe ta ɗiso min a hannun riga. Na jera kwanuka a babban faranti, na ɗauko da hannu biyu, na fito.

Kiɗa ya tsaya. A tsakiyar fili ga wata dattijuwa, fara, gajera, da gilashi irin na Abdussamad sak, da takarda a naɗe a hannunta na hagu. Hannunta na dama kuwa yana riƙe da na Falmata.

"Tun daga ƙofa na gane ki," take cewa. "Laffayar nan ce. Ya kawo min takardar, na ce masa ba sai ka faɗa min ba, na ga wadda ta sa ka ƙi ci ka ƙi sha. Yarinyar da za a ɗauka hoto ta juya baya don kunya, ai an san gidan da ta fito. 'Yata, ki yafe min, an zuga ni ne. Allah ya yi miki albarka. Gobe ba jibi ba baffanninsa za su zo."

Mata suka ɗauki guɗa, waɗanda ba su san komai ba. Gwaggo na can ƙarshen rumfa wurin matar liman, ba ta ji abin da aka ce ba. Ni na ji. Falmata ta ɗago ido, ta gan ni tsaye da faranti. Mun haɗa ido, wallahi mun haɗa. Na tsaya ina jira ta ce, Hajiya ba ni ba ce, ga ta can.

Ta durƙusa har ƙasa, ta ja laffaya ta rufe rabin fuska, ta ce, "Amin, Hajiya. Na gode."

Na ƙanƙame farantin. Wata zuciya ta ce in sake shi ya tarwatse in shige ɗaki. Wata ta ce in shaƙo laffayar nan. Amma na tuna Baba da mashin ɗinsa, na tuna yadda na yi shiru a falo ranar suna har aka ɗauke min a gaban idona. Na ce yau kam ba zan yi shiru ba.

Na taka a hankali har gabansu. Na ajiye farantin. Na durƙusa kusa da Falmata, gwiwata na gogar tata, miya a hannun rigata, idona jajir da hayaƙi.

"Sannunku da zuwa, Hajiya. Kun zo lafiya? Ya hanya?" Na ɗago kai. "Ni ce Halimatussa'adiya."

Guɗar ta mutu a bakin mata. Hajiya Kaltumi ta kalle ni daga ɗankwali har ƙafa. Ta warware takardar ta kalli hoton. Ta kalli Falmata, wadda har yanzu kanta ke ƙasa. Ta sake kallona, ta daɗe.

Hannun Falmata kuwa ba ta sake shi ba.

"To," ta ce a hankali. "Ɗaya daga cikinku ta ba ni waya. Ku kira min Abdussamad."

Ni da Falmata muka miƙa mata wayoyinmu a tare.